TSARGIYA: ABIN DA AKA GANO A MAKARANTU

Maigida, in malamin makaranta ya tambayi ɗanka ko yana fitsarin jini, kada ka ji haushi. Tun wajen 1990 likitoci suka gwada wannan tambaya a makarantun Tanzaniya da Kamaru, suka ga amsar yara ta isa ta nuna ƙauyen da tsargiya ta yi yawa, a kai masa magani.

Waɗansu suna cewa jinin alamar balaga ce. Ba haka ba ne, cuta ce. Wani likita, Bilharz, shi ya gano tsutsarta a Alkahira a 1851. Mai cutar ya yi fitsari a kududdufi, ƙwai ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga katantanwa su girma. Daga nan su fito su huda fatar mai wanka. Yara sun fi kamuwa, gama su ne kullum cikin ruwa. In an bar ta, yaro ya rame, jininsa ya ragu, karatu ya gagare shi, daga baya mafitsara ta lalace.

To, ga abin yi:

1. Ka tambayi yaranka da kanka, har 'yan mata, gama kunya takan hana su faɗi.
2. Ranar rabon ƙwayar Praziquantel a makaranta, a ba yaro abinci kafin ya tafi. Da sanda ake auna tsawonsa, a san adadin da zai sha.
3. A hana fitsari a ruwa. Ku gina masai.
4. Ruwan kududdufi ya kwana biyu a tulu kafin a yi wanka da shi.

In kun ga jini, ku kawo mana yaro ɗakin shan magani, kada ku jira.