Kafin Ka Zauna Cin Abinci a Japan

Ɗana, tunda takardun tafiyarka karatu Japan sun kammala, kowa a gidan nan ya zama mai ba da shawara, to ga tawa. Kafin ka hau jirgi, ka zauna ka koyi 'yan jimlolin da ake sayen abinci da su a can. Na san makaranta za ta koya maka harshen a aji, amma aji sai an yi rajista an raba jadawali, ita kuwa yunwa ranar da ka sauka za ta yi maka sallama. Kilishin da gwaggonka take shirin cusa maka a jaka ma ba zai cece ka ba, domin Japan ba ta bari matafiyi ya shiga mata da nama, a filin jirgi za a karɓe.

Na ga samari da tsoron cin haram, ko tsoron jin kunya a gaban mutane, ya kulle su a ɗaki da burodi da shayi wata da watanni. Tsoron yana da dalili. Sai dai wanda ya iya tambaya, ya kuma iya jin amsar da aka ba shi, ya fi ƙarfin wannan zaman kurkuku.

Harshen ba zai yi wa bakinka nauyi ba. Wasulansu biyar ne irin namu, kuma suna bambanta dogon wasali da gajere yadda kake bambanta garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo. Idan ka ga ch a littafi, c ɗinmu ce. Tasu ts sassauƙa ce, kada ka matse ta a maƙogwaro. Wasalin u da ke ƙarshen desu da masu kuwa da ƙyar ake jin sa, des da mas za ka ji suna cewa.

Kana tura ƙofar gidan abinci za ka ji an ɗaga murya, wani lokaci ma'aikatan duka a tare: irasshaimase! Maraba ce, kuma ba a amsa ta. Na san tarbiyyar gida za ta sa bakinka ya yi ƙaiƙayi, amma ɗan sunkuyar da kai ya wadatar. Tambayar da ke biye ita ce mai bukatar amsa: nan-mei sama desu ka, wato ku nawa ne? Kai kaɗai, hitori desu. Ku biyu, futari desu. Ku uku, san-nin desu. Ka haɗa da ɗaga yatsu, su ma 'yan ƙasar haka suke yi. Sai ka dakata a nuna maka wurin zama. Idan ka ga dakalin katako da takalma jere a ƙasa, kai ma ka cire naka. Za a kawo maka ruwa ko shayi da ɗan jiƙaƙƙen tawul na goge hannu, oshibori, duk kyauta.

Daga nan ba wanda zai tsaya a kanka yana jiran ka zaɓa. In ka shirya kai za ka kira, kuma kalmar kira ita ce sumimasen. Ka ɗaga hannu kaɗan ka faɗe ta a fili, ba rashin ladabi ba ne. Abin da zai zama rashin ladabi shi ne tafi, ko ƙyasta yatsu, ko ɗan siririn fiton nan na tsakanin haƙora da samarinmu suke kiran mai talla da shi. A wurare da yawa ma akwai madanni a kan tebur, kana dannawa za a zo.

Yin oda kansa ba shi da wuya. Ka ɗora yatsa a kan hoton abincin ka ce kore o kudasai, a ba ni wannan. Guda ɗaya hitotsu, biyu futatsu, uku mittsu. Kalmar onegaishimasu kuwa ka riƙe ta da kyau, roƙo ce mai ladabi da ake liƙa wa kusan kowace bukata. Kuma Japanawa sun sauƙaƙa wa baƙo da wata sana'a tasu: a bakin ƙofar gidajen abinci da yawa akwai gilashi cike da kwanukan abincin roba, taliya da kifi da ƙwai, har da ƙyallin mai, sai ka rantse yanzu aka sauke su daga wuta. Wani mai suna Iwasaki Takizo ne ya mayar da abin babban kasuwanci a Osaka a 1932, kuma a titin Kappabashi na Tokyo akwai shagunan da ke sayar da su. Ka ɗauki hoton wanda ya yi maka da waya, ka nuna a ciki.

Sai dai ido yana ganin saman kwano ne kawai, kuma a nan nake so ka ba ni hankalinka.

Alade suna biyu yake amsawa a can: buta da ton. Namansa butaniku. Duk abincin da sunansa ya fara da ton ka yi hattara da shi: tonkatsu soyayyen naman alade ne, tonjiru miyarsa ce, tonkotsu kuwa farin romon ƙashinsa ne da aka san yankin Fukuoka da shi, wanda ake zuba taliyar ramen a ciki. Yankan naman da ke saman ramen, chashu, shi ma alade ne, haka ƙunshin gyoza galibi. Miyar kori tasu, ko da ba ka ga tsoka ba, sau da yawa akwai kitsen alade a dunƙulen da aka haɗa ta da shi. Saboda haka jimlar da ta fi kowace muhimmanci gare ka ita ce wannan: butaniku wa haitte imasu ka, akwai naman alade a ciki? Ka bi ta da supu ni mo, har da cikin romon? Kada ka tsaya a kan kalmar niku, wato nama, ita kaɗai, domin mutum zai iya ce maka babu nama da zuciya ɗaya, alhali akwai 'yan yanke-yanken naman alade na gwangwani ko mai hayaƙi da shi bai lissafa su a nama ba.

Ga yadda abin zai kasance. Yarinyar da ke ɗaukar oda za ta ce shosho omachi kudasai, ɗan dakata, ta shige kicin da sauri. Ba ƙyale ka ta yi ba, ta je tambayar mai girki ne, don ba su son faɗin abin da ba su tabbatar ba. Za ta dawo ta ce ɗaya daga biyu: haitte imasu, ko haitte imasen. Na farko akwai, na biyu babu. Ka lura duk bambancin a wutsiya yake. Mu da zarar mutum ya buɗe baki da "ba" ko "babu" mun san inda ya dosa, har mukan katse shi. Su kuwa aiki yana zuwa ƙarshen jimla, korewa kuma a ƙarshen aikin. Wanda ya yi gaggawar gyaɗa kai tun a tsakiyar magana zai iya cin abin da aka gaya masa ƙarara kada ya ci. In ba ka ji da kyau ba ka ce mo ichido onegaishimasu, a sake faɗa mini. Wani lokaci za ta gitta hannayenta a ƙirji, wannan alamar a'a ce.

Giya ta fi alade iya ɓuya. Akwai mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da ake girki da ita, ta asalin tana da barasa kusan kashi 14 cikin ɗari. Ita ke ba miyar teriyaki ƙyalli, tana cikin romon taliyar soba da udon, da yawancin dahuwar da ake yi da ruwan waken suya. Tambayarta ita ce mirin ya osake o tsukatte imasu ka, kuna amfani da mirin ko giya? Hukuncin abin da aka dafa da ita, da na naman sa da kajin da ba ka san yankansu ba, ka zauna da malaminka ku warware tun kana gida, don kada ka je kana yanke fatawa a tsaye da yunwa a cikinka. Nawa shi ne in nuna maka inda abin yake. Idan ana gasa wani abu aka tambaye ka tare ko shio, ka ce shio de onegaishimasu, da gishiri kawai, domin tare miya ce da mirin a ciki.

Wani abu daga tarihinsu zai taimake ka wajen zaɓe. A shekarar 675 Sarki Tenmu ya kafa dokar hana cin naman shanu da dawaki da kaji da wasu dabbobi, kuma nesantar nama ta daɗe tana tasiri har 1872, lokacin da aka sanar cewa Sarki Meiji ya ci nama. Shi ya sa tsohon girkinsu ya tsaya a kan shinkafa da kifi da ganye da waken suya, aladen kuma ya fi yawa a abincin da ya bazu daga baya, irin su ramen da tonkatsu da kori. Ka nemi teishoku, wato abinci haɗaɗɗe a faranti ɗaya: shinkafa, ƙaramin kwanon miya, babban mahaɗi. Saba no shioyaki gasasshen kifi ne da gishiri, ba ruwansa da miya. Kifi sakana, ƙwai tamago, ganye yasai, tofu kuwa awara ce, ba baƙuwarka ba. In shinkafar ta yi maka kaɗan, kuma za ta yi, ka ce omori de tun wajen oda, a cika kwano.

Za ka ji wasu suna ba da dabarar cewa ka ce kana da arerugi, wato jikinka ba ya karɓar alade, wai an fi ɗaukar maganar da gaske. Ban yarda da wannan ba. Ƙarya ce da fari, sannan za ka tayar wa mutanen kirki hankali, su ɗauka ranka ne a hannunsu. Gaskiya ta fi sauƙi: Musurimu desu, butaniku wa taberaremasen. Ni Musulmi ne, ba na iya cin naman alade. Ka faɗa da sakin fuska, kada ka yatsine kana kallon kwanon maƙwabcinka, abincin gidansu ne.

Idan ka roƙi a cire maka wani abu, butaniku nuki de dekimasu ka, sai ka ga mutum ya karkata kai ya ja iska ta haƙora ya ce chotto, ya bar maganar a rataye, to an gama, a'a ce. Ba ciniki ya buɗe ba. Ka ce wakarimashita, na gane, ka zaɓi wani abu ko ka yi godiya ka fita. Ko da an yarda ma, tsame yanka daga kwano ba ya canza romon da aka kwana ana dafawa.

Ƙananan shagunan taliya da yawa suna da na'urar tikiti a bakin ƙofa: ka zura kuɗi, ka danna, 'yar takarda ta faɗo, ka miƙa wa mai girki. A irin wannan wuri ka yi tambayarka kafin kuɗi ya shiga. Kuma ka haddace alamun rubutu biyu da ido, 豚 na alade da 酒 na giya, za su yi maka aiki har a bayan ledar kayan kanti.

Malaminka na jami'a zai iya shirya liyafar maraba a izakaya, inda ake ci ana sha. Ka gaya masa abin da ba ka ci da abin da ba ka sha tun kafin ranar, kada ka bari sai an jera kwanuka. Osake wa nomemasen, ba na shan giya, sai ka nemi uron-cha, shayi ne mai sanyi. A irin waɗannan wurare akan ajiye ɗan ƙaramin kwano da ba ka yi odarsa ba, otoshi, kuma zai fito a lissafi. Kuɗin zama ne, ba cuta ba.

Ka yi bisimillarka, sannan ka ce itadakimasu, kalmarsu ta fara cin abinci, tare da jama'a. Kada ka soke tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, kada kuma ka miƙa wa wani loma daga tsinke zuwa tsinke, duka biyun al'adar jana'iza suke tuna musu. Zuƙar taliya da ƙara kuwa ba laifi.

In ka gama, okaikei onegaishimasu, a kawo lissafi. Galibi takardar tana nan a gefen teburinka, ka ɗauka ka kai kanta kusa da ƙofa, ka ajiye kuɗin a ɗan farantin da ke wurin. In kowa zai biya nasa, betsu-betsu de. Ba a ba da tukuici, ka bar canji a tebur sai a biyo ka da shi har titi. Kana fita ka ce gochisosama deshita, godiyar abinci, yadda mai girki zai ji.

Ranar Juma'a ka nemi masallaci. A Tokyo akwai babban masallacin unguwar Yoyogi-Uehara da aka sake ginawa a 2000, a Kobe akwai wanda ke tsaye tun 1935, kuma a Shin-Okubo akwai kantunan kayan halal. Waɗanda suka riga ka zuwa su za su nuna maka gidajen abincin da ba sai ka yi doguwar tambaya ba.

Daga yau zuwa ranar tafiya, ka rubuta jimlolin nan a ƙaramin kati, ka ba ƙanwarka aikin mai ɗaukar oda. Kullum bayan magariba ka tambaye ta, ita kuma ta riƙa amsa maka da imasu ko imasen da sauri ba tare da ta dube ka ba, har sai kunnenka ya daina kuskure.