Ɗumama Kayan Aikin Ƙarfe a Lokacin Hunturu

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan taso daga Hamada, ta ratsa Zango da sauran garuruwan ƙasar Daura da ke bakin iyakar Nijar. Duk ƙarfen da ya kwana a rumfa kan wayi gari da sanyi ƙarara. Maƙera da masu walda da kanikawa sun san haka, har ma da mai gyaran kekensa a gida.

Ƙarfe da itacen da suka kwana wuri guda sanyinsu ɗaya ne. Sai dai ƙarfe yana zuƙe ɗumin hannu da sauri fiye da itace nesa ba kusa ba. Da sanyin ya shiga yatsu sai hanyoyin jini su tsuke, gaɓoɓi su sage, riƙo ya yi rauni. Mai lafiya kan murza hannu ya ci gaba. Dattijo mai ciwon gaɓoɓi kuwa yana shan wuya, mai sikila ma sanyi na iya tayar masa da ciwo.

Maganin ba ya cin kuɗi. Guduma da awartaki da sifana su kwana a ɗaki, cikin akwatin katako ko naɗe a buhu. Da hantsi a baje su a rana. Wurin riƙo a naɗe shi da tsumma ko robar tsohon tayar keke, kuma ƙotar itace ta fi ta ƙarfe.

Wasu kan kanga kayan a gefen kaskon gawayi. A nan ne ake bukatar kula. Ɗumi ake nema, ba zafi ba. Kurfi ko magagari da aka tura cikin garwashi yakan yi laushi, kaifinsa ya lalace. Haɗarin ƙuna kuwa ya fi yawa ga wanda hannunsa ba ya ji sosai, kamar mai ciwon suga ko wanda ya taɓa yin kuturta, domin ƙarfe kan ƙona shi bai sani ba. Irin wannan ya bar wani ya fara taɓa masa. Ba a kuma rufe ƙofa da gawayi yana ci, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari, amma tana kisa.

Safar hannu tana taimakawa, amma ana cire ta kafin a kusanci injin da ke juyawa.

Wanda yatsunsa ke yin fari ko su mutu duk lokacin sanyi ya je asibiti a duba shi.