Yoyon Fitsari a Wurin Maza: Motsa Naman Ƙasan Mara

A ƙauyukanmu akwai dattawa da yawa da suka rage zuwa kasuwa da taro, ba su kuma gaya wa kowa dalili ba. Sau da yawa dalilin fitsari ne. Yana matsa musu kowane lokaci, ko ya ɗiga a wando bayan sun gama. Kunya takan sa su yi shiru, alhali akwai taimako.

Mece ce furostet?

Furostet wata 'yar tsoka ce mai girman goro, maza ne kaɗai ke da ita. Tana ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye hanyar fitsari. Tana ƙara girma yayin da mutum ke tsufa. Wajen rabin maza masu shekara 51 zuwa 60 suna da wannan kumburi. Idan ta matse hanya, fitsari yakan fito a hankali, mutum ya riƙa tashi sau da yawa da dare. Wannan kumburi ba sankara ba ne, amma gwajin asibiti ne kaɗai zai bambanta su. Bayan aikin tiyata a furostet kuwa, maza da yawa sukan yi yoyon fitsari na makonni ko watanni.

Naman da ke riƙe mafitsara

Mun san yadda ragaya ke riƙe ƙwarya a ɗaki. Haka wani nama yake a ƙasan mara, daga ƙashin gaba zuwa ƙashin gindi. Shi ke tallafe mafitsara da hanji, yana kuma taimakawa wajen tsuke hanyar fitsari. Kamar naman hannu, yana ƙarfi idan ana motsa shi. Wani likita a Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana wannan motsi a 1948 domin mata masu yoyon fitsari bayan haihuwa. Yau ana koya wa maza shi, musamman kafin tiyata da bayanta.

Yadda za mu yi

1. Mu kwanta rigingine, mu lanƙwashe gwiwoyi. Mu tsuke dubura kamar mai riƙe tusa a cikin mutane, mu ja gaba ciki kamar mai tsayar da fitsari. Idan mun yi daidai, maraina za su ɗan ɗaga sama.
2. Mu riƙe muna ƙirga 1 zuwa 5, sa'an nan mu saki sarai, mu huta daidai haka. A hankali mu kai ƙirga 10. Mu yi sau 10.
3. Mu biyo da tsukewa da saki da sauri, sau 10.
4. Mu yi haka sau 3 a rana. In mun saba, sai mu yi a zaune da tsaye.
5. Kafin tari, atishawa, ko ɗaga buhun hatsi, mu fara tsukewa tukuna.

Kada mu riƙe numfashi, kada mu matse ɗuwawu, cinyoyi ko ciki. Kada mu mai da tsayar da fitsari al'ada, domin yana iya hana mafitsara juyewa duka. Wanda ke da robar fitsari ya jira sai an cire ta.

Ga mai ɗiga bayan fitsari: ya jira kaɗan, ya sa yatsu bayan maraina, ya danna a hankali zuwa gaba don sauran ya fita, sa'an nan ya tsuke.

Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya. Yawanci sai an yi kamar wata 3 ana yi kullum kafin a ga canji sosai.

Abin da motsin ba ya yi

Ba ya rage girman furostet, ba ya warkar da sankara. Mai yawan ciwo tsakanin maraina da dubura ya ga likita tukuna, domin wani lokaci naman ya riga ya ɗaure, sakinsa ake bukata. Ma'aikatan sashen gashi da motsa jiki a manyan asibitoci suna koyar da wannan.

Mu rage shayi, goro da giya da yamma, amma mu sha ruwa isasshe da rana. Mu ci ganye da 'ya'yan itace domin kada ciki ya bushe, gama yunƙuri wurin bayan gida yana raunana naman.

Mu tafi asibiti ba tare da jinkiri ba idan:
- fitsari ya ƙi fita gaba ɗaya;
- akwai jini a fitsari, ko da muna zaton tsargiya ce;
- akwai zazzaɓi da zafin fitsari;
- akwai ciwon baya ko na ƙashi tare da rama.

Sankarar furostet ce ta fi kowace sankara yawa a cikin mazan Nijeriya, kuma an fi samun nasarar jinyarta idan an gano ta da wuri.

Tambayoyi don taron maza

- Me ke hana mu maganar ciwon fitsari da juna?
- Wane asibiti ne mafi kusa da ke duba furostet, nawa ne kuɗin mota?
- Wa zai raka dattijon da ba shi da mai kai shi?