Zaɓen Darussa A Babbar Sakandare: Jarin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Duba Kafin Ya Zuba

A kowace shekara, idan makarantu suka dawo daga dogon hutu, yara masu kimanin shekara goma sha biyar kan shiga aji ɗaya na babbar sakandare, inda akan raba su zuwa ajin kimiyya, ko ajin kasuwanci, ko kuma ajin adabi. Wannan rabo ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo, amma sakamakonsa yakan bi yaro har iyakar rayuwarsa ta aiki. Darussan da ya ɗauka a aji ɗaya, su ne zai rubuta a jarrabawar kammala sakandare bayan shekara uku, kuma da su ne jami'a ko kwaleji za ta karɓe shi ko ta mayar da shi.

Da yawa daga cikin 'yan kasuwar da ke zaune a Sabon Ibadan, da Agege da Idi-Araba a Legas, da Fatakwal da Onitsha, suna biyan kuɗin makaranta ba tare da fashi ba, amma ba kasafai sukan tambayi ajin da aka sa yaro ba. Alhali kuwa ba ɗan kasuwar da zai ɗora kaya a mota bai san kasuwar da za a sauke su ba.

Yadda tsarin yake

Tun daga shekarar 1982 Nijeriya ta fara aiki da tsarin shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, da huɗu a jami'a. A ƙarshen babbar sakandare ɗalibi yakan rubuta darussa takwas ko tara a jarrabawar hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, ko ta hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999. Sakamakon da ake kira kiredit shi ne daga A1 zuwa C6. D7 da E8 wucewa ce kawai, F9 kuwa faɗuwa ce. Abin da jami'o'i suka saba nema shi ne kiredit biyar a darussan da suka dace da fannin da ake so, a zama ɗaya ko biyu.

Bayan wannan akwai jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. A can darussa huɗu ake rubutawa, wato Turanci, wanda ya zama dole ga kowa, da wasu uku da fannin karatun ya ƙayyade. Abin lura a nan shi ne, kiredit biyar ɗin ba kowaɗanne biyar ba ne. Yaron da ya ci darussa tara cif, amma babu Kemistiri a cikinsu, ba zai shiga sashen koyon aikin likita ba, komai yawan makinsa.

Turanci da Lissafi su ne uwar kuɗi

A kowane aji yaro yake, waɗannan darussa biyu su ne jarin da ake juya sauran a kansa. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da cewa kiredit a Lissafi ba sharaɗi ba ne ga masu neman shiga fannonin adabi, amma yana nan daram ga fannonin kimiyya, da fasaha, da kimiyyar zamantakewa. Ke nan mai son karanta aikin akanta, ko banki, ko tsimi da tanadi, ko gudanar da kasuwanci, ba shi da mafita sai ya ci Lissafi. Haka kuma ma'aikatar ta bayyana cewa har yanzu wajibi ne kowane ɗalibi ya zauna jarrabawar darussan biyu.

Amfanin Lissafi bai tsaya ga takardar shaida ba. A ɗauka, alal misali, wani falke ya sayi buhu 100 na albasa a Aliero a kan Naira 40,000 kowane buhu, wato Naira miliyan 4. Kuɗin mota da na 'yan dako da harajin kan hanya zuwa kasuwar Mile 12 suka ci Naira 600,000. Kafin a sauke, buhu 10 suka ruɓe. Ya sayar da ragowar 90 a kan Naira 50,000 kowanne, ya karɓi Naira miliyan 4 da rabi. A ganinsa ya ci ribar Naira 10,000 a kan kowane buhu, amma a haƙiƙa ya yi hasarar Naira 100,000, domin sai ya sayar da buhu a kan fiye da Naira 51,100 kafin uwar kuɗinsa ta dawo. Wannan lissafi bai fi ƙarfin ɗalibin aji biyu da ya mai da hankali ba.

Ajin kasuwanci

Manyan darussan wannan aji su ne Tsimi da Tanadi, da Ilimin Ciniki, da Lissafin Kuɗi irin na akanta. A Tsimi da Tanadi ake koyon abin da ke sa farashi ya hau ko ya sauka, da yadda canjin kuɗi da hauhawar farashi ke cin jari. Ilimin Ciniki yana koyar da sha'anin sufuri, da ajiyar kaya, da inshora, da banki, da takardun shigo da kaya da fitar da su. Lissafin Kuɗi kuwa shi ne rubuta shiga da fita, da fitar da riba ko hasara a ƙarshen shekara.

Waɗannan darussa suna kai yaro ga aikin akanta, da binciken kuɗi, da banki, da inshora, da haraji, da dillancin hannun jari, da fiton kaya a tashoshin jiragen ruwa irin na Apapa. A jarrabawar JAMB, mai neman fannin akanta yakan rubuta Turanci, da Lissafi, da Tsimi da Tanadi, da wani darasi guda na zamantakewa ko kasuwanci.

Wannan hanya tana da wata fa'ida da iyaye da yawa ba su sani ba. Cibiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, tana gudanar da jarrabawar ƙananan akantoci da ake kira ATSWA, wadda mai takardar sakandare da kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi, zai iya fara rubutawa tun bai shiga jami'a ba. Yaro na iya zama a shagon mahaifinsa da rana yana kuma hawa matakan wannan jarrabawa. Bukatar irin wannan ƙwarewa ƙaruwa take yi, ganin cewa harajin VAT ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairun 2020, an kuma sa hannu a kan sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025. Ban da haka, banki ba ya ba da rance ga kasuwancin da ba shi da rubutaccen lissafi.

A wasu makarantu akan ɗauki ajin kasuwanci tamkar matattarar waɗanda suka kasa shiga ajin kimiyya. Wannan kuskure ne mai tsada, domin yaron da Lissafi ya gagare shi a ajin kimiyya zai tarar da shi yana jiransa a ajin kasuwanci.

Ajin kimiyya da fasaha

Ginshiƙan wannan aji su ne Fiziks, da Kemistiri, da Bayoloji, sannan a ƙara da Lissafi Mai Zurfi, ko Kimiyyar Aikin Gona, ko Zanen Fasaha. Hanyar ta rabu biyu. Mai neman aikin likita, ko harhaɗa magunguna, ko likitan dabbobi, yakan rubuta Fiziks da Kemistiri da Bayoloji a JAMB. Mai neman aikin injiniya yakan rubuta Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Haka nan ilimin kwamfuta da zanen gine-gine duk suna bukatar Lissafi da Fiziks.

Wajibi ne uba ya lissafa tsawon lokacin da jarinsa zai kwana. Karatun likita shekara shida ne, sannan shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, da shekara guda ta hidimar ƙasa. Karatun injiniya shekara biyar ne. Wanda yake sa ran ɗansa zai karɓi shago nan da shekara huɗu, ya kamata ya san haka tun da wuri.

Ga iyalin da sana'arsu ta shafi dabbobi ko hatsi, akwai fannonin kimiyya da suka yi daidai da gadon gida. Ana koyar da aikin likitan dabbobi a jami'o'i irin su Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da ta Ibadan, da ta Nsukka, da ta Maiduguri, da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Dillalin shanun da ɗansa ya san cututtukan dabbobi, ko falken tumatir da 'yarsa ta karanta kimiyyar sarrafa abinci da adana shi, ya rage hasarar da takan faru tsakanin gona da kasuwa. Manyan masana'antu kuma, irin matatar man Dangote da aka ƙaddamar a Lekki a 2023, injiniyoyi da masu fasaha suke ɗauka.

Akwai wani bambanci da ya kamata a riƙe. Ɗalibin kimiyyar da ya haɗa da Tsimi da Tanadi cikin darussansa zai iya sauya ra'ayi daga baya ya nemi fannin akanta ko gudanar da kasuwanci. Amma ɗalibin kasuwanci ba zai iya komawa aikin likita ko injiniya ba, sai ya sake koyon Fiziks da Kemistiri daga tushe. Saboda haka yaron da ke da ƙarfi a Lissafi da kimiyya, amma bai tsai da shawara ba, ya fi masa sauƙi ya shiga ajin kimiyya ya riƙe Tsimi da Tanadi a gefe.

Ajin adabi

A nan ake karanta Adabin Turanci, da Ilimin Gwamnati, da Tarihi, da Ilimin Addinin Musulunci ko na Kirista, da harsuna irin su Hausa, Yarbanci, Ibo, Larabci da Faransanci. Daga wannan aji lauyoyi, da 'yan jarida, da malamai, da masu fassara, da jami'an diflomasiyya suke fitowa. Jami'o'i sukan nemi kiredit a Adabin Turanci ga mai son karatun lauya, wanda ke ɗaukar shekara biyar, sannan a wuce Makarantar Koyon Aikin Lauya. Yaron da ya yar da wannan darasi a aji ɗaya saboda yawan littattafansa ya rufe wa kansa ƙofa bai sani ba.

Harsuna ma kayan ciniki ne. Maƙwabtan Nijeriya huɗu, wato Benin, Nijar, Chadi da Kamaru, duk an daɗe ana gudanar da harkokin ofis da na kwastan a cikinsu da Faransanci, don haka mai jin harshen yana da amfani ga duk gidan da ke fatauci ta kan iyakar Seme ko Jibiya. Wanda ya haɗa Larabci da Ilimin Addinin Musulunci da Tsimi da Tanadi da Lissafi kuwa ya shimfiɗa wa kansa hanya zuwa harkar bankin da ba ruwa, wadda ta kafu tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, Gwamnatin Tarayya kuma ta fitar da takardun Sukuk na farko, na Naira biliyan 100, a 2017.

Darussan sana'a

Manhajar da aka fara aiki da ita a 2011 ta wajabta wa kowane ɗalibi ɗaukar sana'a guda daga cikin fiye da talatin. A 2025 gwamnati ta sanar da rage su zuwa shida: haɗa wutar sola, ɗinki, kiwon dabbobi, kwalliya, gyaran kwamfuta da wayar hannu, da noman lambu da amfanin gona. Bai kamata a ɗauki wannan darasi a matsayin na cike gurbi ba, domin shi ne wanda yaro zai iya fara samun kuɗi da shi tun kafin sakamakon jarrabawa ya fito.

Wanda hannunsa ya fi bakinsa iya aiki yana da hanya ta kwalejojin fasaha, waɗanda hukumar NABTEB, da aka kafa a 1992, take shirya musu jarrabawa. Daga nan sai kwalejin kimiyya da fasaha irin ta Yaba ko ta Kaduna, inda ake yin ƙaramar difloma a shekara biyu, a yi shekara guda a wurin aiki, sannan a dawo a yi babbar difloma a shekara biyu.

Abin da ya rage ga iyaye

Abu na farko, a duba sakamakon yaro na shekara uku a ƙaramar sakandare, musamman a Lissafi, da Turanci, da kimiyya. Buri ba ya maye gurbin iyawa. Tilasta wa yaro ajin kimiyya don a kira shi likita, alhali takardunsa na nuna akasin haka, yakan ƙare da maimaita jarrabawa, wato sabon kuɗin rajista da shekara guda ta rayuwarsa.

Na biyu, a fara daga ƙarshe a dawo farko. A zaɓi fannoni biyu ko uku da yaron yake sha'awa, a duba ƙasidar hukumar JAMB don ganin darussan da kowanne ke bukata, sannan a tabbatar duk suna cikin jerin da zai ɗauka.

Na uku, a ziyarci makarantar. Sunan darasi a kan takarda ba ya nufin akwai malaminsa ko ɗakin gwajinsa. A tambayi shugaban makaranta ko malamin ba da shawara wane ne ke koyar da Fiziks ko Lissafin Kuɗi, da yadda ɗalibai suka yi a cikinsu a shekarun baya.

Na huɗu, a yi wa 'ya mace irin lissafin da aka yi wa ɗa namiji. Aikin akanta, da harhaɗa magunguna, da jinya, da lauya, duk sana'o'i ne da mata ke riƙe da su, kuma littafin shago bai san bambancin hannun da ya rubuta shi ba.

Sauya aji yana da sauƙi a zangon farko na aji ɗaya, yana da wuya a aji biyu, kuma kusan ba ya yiwuwa da zarar an yi rajistar jarrabawa a aji uku. Hausawa kan ce ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da ya dace uba ya zauna da ɗansa da malamansa shi ne hutun da ke tsakanin kammala ƙaramar sakandare da shiga babba.