Darasi: Yadda Ake Gane Tsofaffin Gem Na Hannu Masu Daraja, Daga Game & Watch Zuwa Tiger

A yau ko matsakaiciyar wayar Android tana ɗaukar gem mai nauyin gigabait biyu ba tare da gardama ba. Amma har yanzu akwai mutane a Amurka, Japan da Turai da ke zuba kuɗi wajen farautar wasu 'yan na'urori na roba, waɗanda kowace ɗaya gem ɗaya tak ne a cikinta: ba a sa mata kaset, ba ta hawa intanet, mutanen cikinta kuma baƙaƙe ne wuluk. Waɗanda aka fi rububi su ne masu ɗauke da sunayen manyan gem na injinan talabijin, irin su Super Mario Bros., Zelda, Sonic da Mega Man. Wani sa'in irinsu kan ɓullo a cikin tarkacen kayan wasan yara na gwanjo, mai saye da mai sayarwa duk ba su san abin da ke gabansu ba. Wanda bai san yadda na'urar ke aiki ba, ko dai ya wuce mai kyau, ko ya biya kuɗi ya kwashi gawa.

Daga ina suka fito?

Kamfanin Nintendo na Japan ne ya yi fice da su a 1980, da jerin da ya kira Game & Watch, ƙirƙirar injiniya Gunpei Yokoi. Labarin da aka fi bayarwa shi ne, ya ga wani mutum a jirgin ƙasa yana ta danne-dannen kalkuleta don kashe lokaci. Na farko sunansa Ball, na ƙarshe kuma Mario the Juggler a 1991, kuma an sayar da sama da miliyan 43. Maɓallin nan mai siffar kuros da ake gani a kusan kowane abin riƙe gem, a jikin Donkey Kong na Game & Watch ya fara fitowa, a 1982.

A Amurka kuwa Tiger Electronics ne ya cika kasuwa daga ƙarshen shekarun 1980. (Ba shi da wata alaƙa da batirin Tiger da ake sa wa rediyo da tocila, wancan daga Sin yake zuwa.) Dabarar Tiger mai sauƙi ce: ya sayi lasisin sunan gem ɗin da ake yayi, ya yi masa 'yar na'ura mai arha. Haka aka samu Double Dragon, Ninja Gaiden, Castlevania II: Simon's Quest, Mega Man 2, Sonic the Hedgehog, Street Fighter II da Mortal Kombat. Lokacin da Game Boy ya fito a 1989 kusan dala 90 ake sayar da shi, na Tiger kuwa wajen dala 20 ne. Uban da ɗansa ya dame shi da maganar Sonic, ga mafita ta samu. Shi ma Konami ya yi nasa, har da Contra da Gradius.

Abin da ke cikin cikinsu

Nan ne zuciyar darasin. Allon waya an yi shi ne da miliyoyin ɗigo, kowane ɗigo yana iya zama kowace kala, shi ya sa yake nuna duk hoton da aka ba shi. Allon waɗannan na'urori ba haka yake ba. Irin na kalkuleta ne ko agogon Casio, inda lamba 8 ta ƙunshi sanduna bakwai, a kunna wasu a kashe wasu. Bambancin kawai, a maimakon sanduna, hotuna aka zana a jikin gilashin tun daga masana'anta: Sonic a tsaye, Sonic a sama, maƙiyi a nesa, maƙiyi a kusa. Babu abin da ke tafiya a zahiri. Ana kashe wannan hoto ne a kunna na kusa da shi, ido ya ɗauka motsi ne. Bishiyoyi da gine-gine masu kala da ake gani a baya kuwa, fenti ne kawai da ba ya canzawa.

Ko Brick Game ɗin nan na "9999 in 1" da yara da yawa suka taso da shi, ba ajinsu ɗaya ba. Shi allonsa layuka ne na ƙananan murabba'ai, don haka yana iya nuna wasanni daban-daban.

Wannan tsari yana da doka mai tsauri: hotuna biyu ba za su hau kan juna ba, domin kowanne da gurbinsa a gilashi. Dole mai tsara gem ya raba ɗan filin tun kafin a rubuta layi ɗaya na manhaja. Ƙwaƙwalwar da yawancinsu ke amfani da ita ta kamfanin Sharp ce, dangin SM5, mai aiki da bit 4. Samfurin SM510 yana da ma'adanar manhaja ta bait 2,772 kacal, bai ma kai kilobait uku ba. A kwatanta da Super Mario Bros. na injin NES mai kilobait 40, ko Sonic na farko a injin Sega mai kilobait 512. Bugun da ke tafiyar da ƙwaƙwalwar sau 32,768 ne a daƙiƙa, irin na agogon hannu. Idan aka raba lambar biyu sau 15 sai ta koma ɗaya, wato daƙiƙa guda cif. Abin da ya sa agogo ya zo wa Game & Watch a ɓagas ke nan.

Saboda haka babu wanda ya "matse" gem ɗin talabijin ya zuba a ciki. Sabon gem ne aka ƙirƙira, aka liƙa masa tsohon suna. A nan ne Nintendo ya yi wa Tiger nisa. Zelda na 1989 mai allo biyu yana da taswira, da makamai, da dodanni takwas da za a kashe, kuma ana jin daɗin bugawa har yau. Da yawa daga cikin na Tiger kuwa, gaskiya zanen kwalin ya fi wasan daɗi. Gem irin Street Fighter II da ya dogara kan saurin hannu da haɗa maɓallai, me zai rage idan ɗan dambe gurbi kaɗan gare shi?

Me ake dubawa kafin a biya?

Allo ne farko, domin shi ne ba a samun madadinsa sai an yanka wata na'urar irinta. Akwai ɗan ƙaramin maɓalli mai suna ACL da ake dannawa da tsinke. A Game & Watch, danna shi yana kunna dukkan hotunan allon a lokaci guda, sai a ga wanda ya mutu. Idan wasu hotuna sun ɓace ko sun dusashe, sau da yawa ba babbar matsala ba ce: akwai wata siririyar roba tsakanin gilashi da fanel, masu gyara na ce mata zebra saboda zanenta irin na jakin dawa, goge ta da sifirit a mayar da ita daidai yakan wadatar. Idan allon gaba ɗaya ya yi fari-fari ko ya ƙone ya koma ruwan ƙasa, ledar tace haske da ke kansa ce ta tsufa, ita ma ana canza ta. Amma baƙin tabo mai kama da tawadar da ta zube, wannan ruwan cikin gilashin ne ya ɓalle. Ba ya gyaruwa, kuma yakan ci gaba da yaɗuwa. Duk daɗin bakin mai sayarwa, a rage kuɗi sosai ko a haƙura.

Sai gidan batir. Na Tiger yawanci batir biyu suke ci irin na AA, Game & Watch kuma ƙananan nan masu kama da maɓallin riga, LR43 ko LR44. Batirin da ya shekara talatin a ciki yakan yi aman farin gari ya cinye ƙarfe. Idan a kan ƙarfen ya tsaya, ɗan ruwan khal a jikin auduga yana wanke shi. Idan ya gangara kan fanel, magana ta canza. Murfin batir ma abin dubawa ne. Shi ne ya fi ɓacewa, kuma akwai na kwaikwayo da yawa a kasuwa.

Babban suna ba shi ne ƙaranci ba. Sonic na Tiger an buga shi da yawa, don haka wanda aka yi wasa da shi har ya gaji ba wata dukiya ba ce. Wanda ke cikin kwalinsa ba a buɗe ba shi ne ake nema. Misali mafi kyau shi ne Super Mario Bros. na Game & Watch, wanda ya fito kashi uku: YM-801 mai allon da ake hango bayansa a 1986, YM-105 a 1988, sai kuma mai ruwan ɗorawa, YM-901-S, wanda ba a taɓa sayarwa a shago ba. Guda 10,000 aka yi, aka raba su kyauta a 1987 ga waɗanda suka yi nasara a wata gasar tseren mota ta injin Famicom a Japan. Wasa iri ɗaya, farashi kuwa sama da ƙasa. Lambar samfurin tana rubuce a bayan na'ura. Wajen kimanta farashi a eBay, a duba abin da aka riga aka sayar, ba abin da masu kaya ke yi wa kuɗi ba.

A kuma kula da sababbi masu kama da tsofaffi. Hasbro, wanda ya sayi Tiger a 1998, ya sake fito da guda huɗu a 2020, ciki har da Sonic the Hedgehog 3, a kan dala 14.99. Nintendo ma ya fitar da sabon Game & Watch na Mario a 2020 da na Zelda a 2021, amma su allon kala gare su kuma caji ake musu da USB-C. Shekarar da ke rubuce a jikin na'ura sau da yawa ta haƙƙin mallaka ce, ba ta ƙira ba.

Ajiya kuwa: a cire batir, a nisanta ta da rana da cikin mota. Zafin bazara babban abokin gabar wannan allo ne.

Wanda ke son ɗanɗanawa ba tare da ya kashe ko sisi ba, manhajar MAME tana kwaikwayon da yawa daga cikinsu, kuma tun 2018 shafin Internet Archive ya ajiye wasu a ƙarƙashin Handheld History, ana bugawa kai tsaye a burauza. Ya fi sauƙi a kwamfuta saboda maɓallai. Yadda aka kwafo su ma abin mamaki ne. Ga da yawansu sai da aka fasa murfin ƙwaƙwalwar, aka ɗauki hotonta da madubin ƙara girma, aka karanto sifili da ɗaya daga jikin hoton, sannan aka kwance allon aka sake zana kowane hoto a kwamfuta. Na'urar da aka yi wa wannan aiki ba ta sake tashi.