Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

'Ya'yana masu kiɗa da waƙa, ku matso in ba ku labarin wani mutumin Ajantina, Astor Piazzolla. An haife shi a 1921, ya tashi a birnin New York da kiɗan jazz da na Bach a kunnensa. A can mahaifinsa ya saya masa bandoneon, abin kiɗa mai zugazugi da maɓallai gefe biyu, wanda shi ne muryar tango, kiɗan rawa na ƙasarsu.

Da ya koma gida ya yi shekara biyar yana kiɗa a ƙungiyar Aníbal Troilo a gidajen rawa na Buenos Aires, yana kuma ɗaukar darasi wajen mai tsara kiɗa Alberto Ginastera. Ilimi na ƙaruwa, sai ya fara raina tango, ya jingine bandoneon, ya koma rubuta kiɗan manyan zauruka irin na Turai.

A 1954 ya tafi Paris wurin malama Nadia Boulanger da tarin takardunsa. Ta duba, ta yaba aikin, amma ta ce salon manyan masu tsara kiɗa, Stravinsky da Ravel, take ji a ciki, shi ba ta gan shi ba. Ta dinga tambayarsa, har ya faɗa mata cikin kunya cewa makaɗin tango ne. Ta sa shi ya zauna gaban fiyano ya kaɗa wani tango nasa mai suna Triunfal. Bai yi nisa ba ta tsayar da shi, ta ce wannan ne shi, kada ya kuskura ya sake shi.

Ku lura, bai watsar da karatunsa ba. Gida ya kawo shi. A 1960 ya kafa ƙungiyar mutum biyar: bandoneon, goge, fiyano, jita mai lantarki da babban goge. Daga Bach ya ɗauko yadda muryoyi ke bin juna suna saƙa, daga jazz ya ɗauko 'yancin da kowane makaɗi ke da shi na faɗin nasa. Yana kaɗawa a tsaye, ƙafa ɗaya kan kujera. Dattawan tango suka ce ya kashe musu kiɗa, ya daure. A 1974 ya yi faifai da Gerry Mulligan na jazz, a 1982 ya rubuta Le Grand Tango domin makaɗi Rostropovich. Duk inda ya shiga, bugun tango na nan a ƙasa.

To, 'ya'yana, ban hana ku aro ba. Ku saurari na nesa, ku koya da gaske. Amma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ku durƙusa gaban tsofaffin makaɗanku tun suna raye, ku san kiɗan gidanku har ya zauna a yatsunku. Sannan in baƙo ya zo, akwai tabarmar da za ku shimfiɗa masa. Allah ya yi muku albarka.