DARASI: TSOFAFFIN GINE-GINEN BIRNIN ZARIYA DA ABIN DA SUKE KOYA MANA

Gabatarwa

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu mun shekara goma, wasu ashirin, muna zaune a Sabon Gari ko Tudun Wada ko Samaru, amma ba mu taɓa wuce Ƙofar Doka mun shiga cikin birni ba, sai in wata larura ce ta kai mu. Sunayen unguwanni irin su Kwarbai da Juma da Limancin Kona a bakin 'yan kamasho kawai muke jin su. Hausawa kuwa sun ce gani ya kori ji. A wannan darasi za mu zaga tsohon birnin, mu dubi ganuwarsa da unguwar malamansa da aikin maginansa, domin mu fahimci abu guda: ginin ƙasa ba ya daɗewa sai da hannun da ke kula da shi. Ranar da hannun ya janye, ranar ginin ya fara mutuwa.

1. Ganuwa da ƙofofi

Zazzau tana cikin Hausa Bakwai. Labarin da aka gada ya nuna cewa sarautarta ta zauna a Turunku da Kufena kafin ta tabbata a inda birnin yake yanzu, kuma ana danganta ganuwar da Sarauniya Amina, 'yar Bakwa Turunku. Har yau ana kiran fadar Sarkin Zazzau da sunan Gidan Bakwa.

Ganuwar ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. An bar gonaki da fadamu a cikinta, domin in abokan gāba suka yi wa gari zobe, mutane su sami abin ci. Ƙofofinta sun haɗa da Doka, da Kibo, da Kuyambana, da Gayan, da Kona, da Bai, da Jatau, da Galadima. A dā kowace na da mai tsaronta, ana rufe ta in dare ya yi.

A farkon ƙarni na 19 jihadi ya iso Zazzau. Sarki Makau ya fice ya nufi kudu, Malam Musa ya hau gadon sarauta. Ɗan'uwan Makau, wato Abu Ja, shi ya kafa garin Abuja a 1828, garin da ake kira Suleja yanzu, bayan da ya bar wa babban birnin tarayya sunansa. Ashe sunan da ke bakin kowane ɗan Nijeriya a yau, tushensa na nan cikin wannan ganuwa.

Wanda ya bi ganuwar a yau zai tarar da sashe mai yawa ya zaizaye. Ruwan sama ya ci nasa rabo, masu ɗibar ƙasar gini sun ci nasu, wasu kuma sun kafa gidaje a kanta. A dā aikin gayya ne ke riƙe da ita, kowace unguwa da nata yanki da za ta yaɓe. Da gayyar ta mutu, sai ganuwar ta bi ta.

2. Limancin Kona

Wannan unguwa ta sami sunanta daga muƙamin Limamin Kona. Unguwa ce ta malamai tun zamani mai nisa, kuma zuriyar limamanta na danganta asalinsu da Barno. Zariya ta yi suna a ƙasar Hausa wajen koyar da nahawun Larabci, har ɗalibai kan taso daga garuruwa masu nisa su zauna shekaru a gaban malamanta, kuma Kona na daga cikin unguwannin da suka jawo mata wannan suna.

Muƙamin bai tsaya ga limanci ba. Limamin Kona na cikin mutum 5 masu zaɓen Sarkin Zazzau, tare da Waziri, da Limamin Juma'a, da Fagaci, da Makama Ƙarami. An ga aikinsu a 2020, lokacin da Sarki Shehu Idris ya rasu bayan ya riƙe sarauta tun 1975, aka naɗa Ahmed Nuhu Bamalli na gidan Mallawa.

Abin lura a irin wannan unguwa shi ne zaure. Daga waje ɗaki ne kawai mai ƙofa biyu, amma shi ne makaranta, shi ne wurin karɓar baƙi, a nan kuma ake sulhunta masu husuma. Magini kan karkatar da ƙofar ciki daga ta waje, don kada idon mai wucewa ya kai cikin gida. Bayan zaure sai shigifa, sa'an nan cikin gida inda iyali suke. Tsarin ginin da kansa yana faɗa wa baƙo inda zai tsaya.

3. Yadda ake ginin

Maginan dā ba su da siminti ko rodi. Sukan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, su mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, su shanya shi a rana. Bango kan yi kauri daga ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. Ramukan da aka ɗebi ƙasar su ne kududdufan da muke gani a tsakiyar unguwanni.

Rufi kuwa da azara ake yi, wato itacen giginya da aka tsaga, saboda gara ba ta cin sa da sauƙi. Amma azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta yi faɗi. Sai magina suka gano dabarar jera gajerun azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, ana ɗaure su ana lulluɓewa da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Wannan shi ne bakan gizo, kuma a kansa ake ɗora tulluwa.

Babban abokin gābar ginin ƙasa shi ne ruwa. Don haka ake sa indararo ya harba ruwan rufi nesa da bango. Ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Rufi kuma ana dalaye shi da laso, haɗin katsi na karofi da gashin jima da dafara. Mu lura da wannan: marini da majemi da manomi duk suna da hannu a cikin rufin magini. In karofi ya mutu, laso ya mutu. Zanko a kusurwar soro da zanen dagi a fuskar gida ado ne, amma yaɓen kowace shekara kafin damina shi ne ran ginin.

4. Babban Gwani da Masallacin Juma'a

A zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, Malam Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya kusa da fada. Shi ne ake kira Babban Gwani, kuma akwai unguwa mai wannan suna a cikin birni. Masana gini sun ɗauki bakunan gizon da ya ɗaga a wannan masallaci a matsayin ƙololuwar fasahar ginin Hausa. Ana ba da labarin cewa daga baya ya gina wani masallaci a Birnin Gwari, sarkin garin ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani wanda ya fi shi.

Wani masanin gini ɗan ƙasar Polan, Z. R. Dmochowski, ya auna masallacin ya zana shi, kuma an gina kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. A shekarun 1970 aka lulluɓe tsohon ginin da sabon gini na siminti.

Ranar Juma'a, 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na masallacin ya rufta a kan masallata, aƙalla mutum 7 suka rasa rayukansu. Sarkin Zazzau ya bayyana cewa an ga tsaga a bangon kwana ɗaya kafin haka, ana shirin kiran injiniyoyi ke nan abin ya faru. Daga bisani aka shiga tara gudummawar sake gina shi. Wannan rashi na dukan mazauna Zariya ne, ya kuma nuna cewa kula da tsohon gini magana ce ta rai, ba ta sha'awar tarihi kaɗai ba.

Fasahar ba ta tsaya a cikin ganuwa ba. A 1929 Dokta Walter Miller da abokan aikinsa na mishan sun tashi daga cikin birni suka koma Wusasa, kusa da dutsen Kufena, inda 'yan'uwanmu na Angalika suka gina majami'ar Bartalamawus Mai Tsarki da ƙasa, bisa salon ginin Hausa. Gadon nan, ashe, na kowa ne.

5. Ladabin ziyara

Birni ba gidan kallo ba ne, mazaunin mutane ne. In za mu shiga, mu sa tufafin mutunci, mu fara gaida mai unguwa ko dattawan da ke bakin dakali. Mu yi sallama a ƙofar zaure, mu cire takalmi, mu ce wa malami "Allah gafarta Malam". Namiji ba ya wuce zaure sai da izinin maigida. Kada mu ɗauki hoton mutum ko gidansa ba da yardarsa ba, mu kuma kauce wa lokutan salla. Wanda ya zo da ladabi yakan ji labarin da babu shi a littafi.

Abin da ya rage gare mu

Da yawa cikinmu a gidajen ƙasa muka tashi, a ƙauyukanmu kuma akwai tsofaffin majami'u da makarantu da iyayenmu suka ɗaga da hannunsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin ruwan fari ya sauka, mu duba indararo, mu toshe tsaga, mu kira wanda ya san aikin. In akwai tsohon magini a kusa da mu, mu tura matasa su koya daga gare shi tun yana da ƙarfin nunawa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne ƙofofin Zariya muka taɓa bi, me kuma muka lura da shi a wurin?
2. Don me mutuwar karofi ta shafi maginin gargajiya?
3. Wane tsohon gini ne a unguwarmu ko ƙauyenmu ke bukatar gyara kafin damina, wa kuma zai ɗauki nauyin aikin?